Jagorar Tallata Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe a Damagaram Cikin Gaskiya da Mutunci

Wata ranar Alhamis, lokacin da Kasuwar Dole ta cika ta batse, wata dattijuwa daga unguwar Birni ta tsaya a gaban teburina, ta kwance bakin mayafinta, ta fito da daloli uku na azurfa da aka ƙulle a cikin tsumma. Ta ce, "Ɗana, gadon mahaifiyata ne. An ce mini sun haura shekara ɗari biyu, kuma ɗaya daga cikinsu za ta sayi fili." Na karɓa na juya su a tafin hannuna, na ga kan sarauniyar nan mai lulluɓi a fuska ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar, da shekarar 1780 a rubuce. Na ɗora su a sikeli, sannan na ce mata, "Inna, azurfarsu ta gaske ce, kuma suna da daraja, amma darajar ba ta kai ta fili ba, domin shekarar da ke jikinsu ba lallai ba ne ita ce shekarar da aka buga su." Ta daɗe tana kallona kafin ta ce in warware mata zancen.

Sana'ar saye da sayar da tsofaffin kuɗin ƙarfe ta bambanta da ta mai goro ko mai barkono, inda mai saye ya san kayan kamar yadda mai sayarwa ya san su. A nan sanin yana hannun ɗan kasuwa, mai saye kuwa da abin da aka faɗa masa yake tafiya gida. Saboda haka duk tallar da ka yi a wannan sana'a shaida ce kake bayarwa a kan abin da mutum ba zai iya tantancewa da kansa ba, kuma jita-jitar da ta ruɗi dattijuwar nan ita ce dai wadda zuciya za ta raya maka ka yi amfani da ita ranar da kai ne mai sayarwa. Abin da na gani a kasuwa shi ne, tarihin gaskiya na waɗannan kuɗi ya isa ya jawo mai saye, muddin ka san shi kuma ka iya faɗinsa cikin natsuwa.

Mataki na farko: ka san abin da ke hannunka kafin ka buɗe baki

Mafi yawan ƙaryar da ake yi a tallar tsofaffin kuɗi daga jahilci take farawa, ba daga mugun nufi ba, don haka aikin farko karatu ne. Kayan da suka fi zagayawa a Damagaram iri huɗu ne, kuma kowane iri yana da wurin da ake yawan tuntuɓe a kansa.

Na farko ita ce dalar da Inna ta kawo, wato dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma da yake fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da namu yankin sun amince da wannan kuɗi ba sa son a sauya musu kamanninsa, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 ba tare da canji ba. An buga shi a Biyana, an kuma buga a Roma da Landan da Faris da Bombay, adadin ya wuce miliyan 300, kuma har yau ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya tana buga shi. Nauyin sabuwar dala gram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinta kusan milimita 40, kuma kashi 833 cikin 1000 na jikinta azurfa ce, wato kimanin gram 23.4 na zallar azurfa. A bakin gefenta akwai rubutu da Latin mai nufin adalci da sassauci. Wannan dala ce ta biyo ayarin raƙuma daga Tarabulus ta iso garuruwanmu, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a Damagaram a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa a Kano a 1851 ana canza dala ɗaya da wuri 2,500. Ka ga wannan labari ne mai daɗin ji, kuma babu ƙarya a cikinsa. Ƙarya tana shigowa ne lokacin da ka ce wa mutum ƙwayar da ke hannunka an buga ta a 1780, alhali ba ka da hujjar hakan.

Na biyu shi ne faran biyar na azurfa na Faransa, mai nauyin gram 25, faɗin milimita 37, da azurfa kashi 900 cikin 1000. Akwai mai kan Napoliyon na Uku, akwai mai kan Luwi-Filif, akwai mai hoton mutum uku a tsaye. Girmansa ya yi kusa da na dalar Ostiriya, kuma har gobe in muka ce dala ɗaya a kasuwa sefa biyar muke nufi. Wanda ya zo sayen wannan kuɗi yana jin daɗi in ka nuna masa cewa kalmar da yake lissafi da ita kullum tana da jiki da nauyi.

Na uku su ne kuɗin Ingila na Afirka ta Yamma, waɗanda suka tsallako daga Kano da Daura ta hanyar Magarya da Matamai: anini, da ɗari, da kobo mai huda a tsakiya, da toro, da sisi, da sule. Masu hudar an fara buga su a 1907, suna da tauraro mai kusurwa shida da rubutun Larabci, kuma aninin farko na sanholo ne. Sule mai hoton bishiyar kwakwar manja an fara shi a 1913 da azurfa, daga 1920 aka koma wani ƙarfe mai launin rawaya wanda babu azurfa a cikinsa. Ƙananan haruffan H ko KN da za ka gani a jikin wasu suna nuna ma'aikatar da ta buga su a yankin Bamingam na Ingila, kuma masu tara kuɗi suna kula da su domin shekara ɗaya tana iya zama da yawa a wani bugu, ta yi ƙaranci a wani.

Na huɗu su ne kuɗin zamanin mulkin Faransa, bayan ƙirƙiro sefa a ranar 26 ga Disamba 1945, irin su faran ɗaya da faran biyu na sanholo na 1948 masu kan barewa. An buga su miliyoyi, don haka ba su da tsada sai in sun fito tsaf kamar ba a taɓa kashe su ba.

Kayan aikin da za ka tanada ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai lamba wanda ke nuna kashi ɗaya cikin goma na gram, da ma'aunin faɗi, da madubin ƙara girma, da mayen ƙarfe. Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, amma ka sani tagulla da dalma su ma ba sa kamawa, saboda haka wannan gwaji yana fallasa wasu jabun ne kawai, ba ya wanke sauran. Nauyi da faɗi da kauri su ne shaidun da suka fi ƙarfi in aka haɗa su. Dalar da ta sha hannu tana iya rasa ɗan kaɗan daga nauyinta, amma wadda ta faɗo zuwa gram 24 ko 25 alhali zanenta bai goge ba, to akwai magana. Ka kuma ƙulla zumunci da maƙerin fari mai amana, domin kunnensa ya san ƙarar azurfa tun kafin kai ka fara sana'ar, sai dai kada ka bari a kankare ko a ɗiga wa kuɗi ruwan gwaji a fuskarsa.

Mataki na biyu: ka bar kuɗin yadda ka same su

A farkon shigata sana'ar na taɓa goge wani sule na azurfa da toka da lemun tsami har ya yi fari tas, ina ganin na ƙara masa kyau. Wani mai tara kuɗi da ya zo daga Yamai ya ɗaga shi a hasken rana, ya nuna mini ƙananan zane-zanen da tokar ta bari a fuskar sarkin, ya ajiye ya ɗauki wani mai duhu da ban taɓa ba. Duhun da tsufa ke sa wa azurfa da tagulla yana cikin abin da masani ke biya, gogewa kuma ba ta gyaruwa. In ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsabta ya isa, a tsane da ƙyalle mai laushi ba tare da murzawa ba. A riƙe kuɗi ta gefe, a ajiye kowane ɗaya a ƴar takardarsa, domin leda mai taushi tana sa tagulla ta yi kore in damina ta kama. In kuwa ka sayo wanda wani ya riga ya goge, to ka faɗa a cikin tallar cewa gogagge ne.

Mataki na uku: hoto

Hoton da za ka nuna ya zama na ƙwayar da za ka miƙa wa mai saye, ba na ƴar'uwarta da ta fi ta kyau ba, ba kuma wanda ka kwafo daga intanet ba. Ka ɗauka da hantsi a inuwa mai haske, a kan farin ƙyalle ko baƙi marar ado, bayan ka share ƙurar hunturu daga idon wayar. Fuska biyu da bakin gefe, hoto uku ke nan, na huɗu kuma kuɗin yana kan sikeli lambar nauyinsa tana fitowa sarai. In akwai huda, ko wurin da aka taɓa liƙa masa kunne don rataya a wuya, ko lanƙwasa a baki, ka matsa kusa ka ɗauki wurin shi kaɗai. Abubuwan gyaran launi da ke cikin waya ka bar su, domin suna mayar da tagulla kamar zinariya, kuma ranar da kaya suka isa hannun mai su ido zai ƙaryata hoton.

Mataki na huɗu: rubuta bayanin kaya

A nan ne sana'ar take tsayawa ko ta faɗi. Bayani mai kyau yana amsa tambayoyi shida: wane kuɗi ne, na wace ƙasa, wace shekara ce a jikinsa, da wane ƙarfe aka yi shi, nawa ne nauyinsa da faɗinsa, kuma wane aibi gare shi. Ga yadda nake rubuta nawa:

"Dalar Mariya Tereza ta azurfa, mai ɗauke da shekarar 1780, bugun baya ce kamar mafi yawan irinta. Nauyi gram 27.6. An taɓa huda ta a sama don rataya, an toshe hudar, ga hoton wurin. Rubutun bakin gefe yana karantuwa. In ta saɓa wa wannan bayani, a dawo da ita cikin kwana bakwai a karɓi kuɗi cif."

Ka lura aibin yana tsakiyar bayanin, ba a ƙarshe da ƙananan haruffa ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne a wurinmu: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu a cikin tsibin ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hudar da aka toshe a jikin dala ita ce jiƙaƙƙen hatsin mai wannan sana'a, kuma wurinta sama ne.

Game da lafiyar kuɗi, littattafan Faransanci da masu tara kuɗi ke aiki da su suna da matakai: B, TB, TTB, SUP, SPL da FDC, daga wanda ya goge sosai har zuwa wanda bai taɓa shiga hannun jama'a ba. In za ka yi amfani da su, ka bi su da Hausa mai sauƙi, kamar "ya goge amma shekara tana karantuwa," ko "gashin kan sarkin yana fitowa, akwai ƴan ƙuje-ƙuje." In ka yi shakka tsakanin mataki biyu, ka zaɓi na ƙasa. Wanda ya buɗe ƙunshi ya ga kaya sun fi yadda aka siffanta su zai dawo, ya kuma kawo abokinsa.

Akwai kalmomin da na hana kaina rubutawa sai da hujja. Ta farko ita ce "babu irinsa." Misali mafi kyau shi ne kobo mai huda na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a watan Disamba na wannan shekara kafin a naɗa masa kambi. A Ingila ba a fitar da kuɗi da sunansa ga jama'a ba, amma a Afirka ta Yamma an buga anini da ɗari da kobo da sunansa masu yawan gaske. Labarin yana da ban sha'awa, kuma ya kamata ka ba da shi, sai dai ka ƙara da cewa kuɗin ba su da wuyar samu, domin wanda ya saya da tsada a kan zaton ya yi gamo da abin da babu irinsa zai gano gaskiya cikin minti biyar a wayarsa. Ta biyu ita ce jingina kaya ga manya, irin a ce "daga taskar Sarki Tanimun" ko "daga gidan sarauta." Sarki Tanimun ya yi mulkin Damagaram a ƙarni na 19, kuma babu shakka daloli sun shiga garin a zamaninsa, amma dala ba ta da alamar hannun da ya riƙe ta. In iyalin da suka sayar maka sun ba ka labari, ka faɗe shi a matsayin abin da suka ce, da izininsu, ba tare da sunansu ba. Ta uku ita ce alkawarin riba, wato a ce wa mutum ya saya yau baɗi kuɗinsa zai ninka. Farashin azurfa yana hawa yana sauka a kasuwar duniya, kuma babu ɗan kasuwar Damagaram da ke riƙe da linzaminsa.

Sai kuma maganar da ta fi ɓata wa sana'ar suna, wato raɗe-raɗin cewa wasu tsofaffin kuɗi suna ɗauke da wani jan sinadari na sirri, ko suna jawo shinkafa, ko akwai Turawan da ke neman wata shekara ta musamman da miliyoyi. Ƴan damfara ne ke yaɗa wannan, kuma na ga magidanta da suka sayar da awakinsu suka bi sahun zancen. In mutum ya zo maka da wannan tambaya, ka gaya masa kai tsaye cewa babu gaskiya a ciki, ko da kuwa shirunka zai sa ya saya.

Rantsuwa ma ka rage ta. Ya zo a hadisin Buhari da Muslim cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana shafe albarka, kuma a wannan sana'a lambar sikeli ta fi wallahi goma gamsar da mai hankali.

Mataki na biyar: farashi

Kuɗin azurfa yana da daraja biyu: ta ƙarfen da ke jikinsa, da ta sha'awar masu tarawa. Ta farko lissafi ce da kowa zai iya yi. A ɗauka, don misali kawai, gram ɗaya na zallar azurfa yana kan jika ɗaya, wato sefa 1,000, a ranar, to dala mai gram 23.4 na azurfa ƙarfenta ya kai sefa 23,400, faran biyar na Faransa mai gram 22.5 na azurfa kuma ya kai sefa 22,500. Abin da ka ɗora a kan wannan shi ne ladan kyawun ƙwayar, da ƙarancinta in tana da shi, da wahalarka. Ka yi wannan lissafi a gaban mai saye, domin mutum ba ya ƙin ɗan kasuwa ya ci riba, abin da yake ƙi shi ne ya gano daga baya an yi masa rufa-rufa.

Ka rubuta farashi da lambobi a sefa. Dala da jika lissafinmu ne na gida, amma baƙon da ya zo daga Kano yana iya fahimtar jaka da wani adadi daban, kuma ciniki da yawa ya lalace a kan wannan. Tayi da albarka al'adarmu ce, ba na cewa a bar ta, sai dai ratar da ke tsakanin kuɗin da ka fara faɗa da wanda za ka sallama kada ta yi faɗin da za ta nuna cewa na farkon tarko ne. Farashin Bature da na ɗan gari da na ɗan makaranta ya zama ɗaya, in ka ga dama ka yi wa yaro gyara da ƙaramin faran na sanholo. Rangwamen ƙarya, wato a ƙara kuɗi jiya a rage yau a kira shi sauƙi, algus ne da sabuwar riga. Haka nan sa aboki ya tsaya yana ƙara tayi don ya zuga mai saye, wanda malamai ke kira najashi, shari'a ta hana shi.

Akwai wata mas'ala da ta shafi mai sayar da azurfa musamman, ita ce sharaɗin hannu da hannu a musayar azurfa da zinariya da kuɗi. Kafin ka fara ba da bashi ko cinikin nesa a kan dala, ka zauna da malamin da ka amince da shi ya tsara maka yadda biya da miƙa kaya za su kasance.

Mataki na shida: inda za ka yi tallar, da ladabinta

Teburinka shi ne tallarka ta farko. Ƙyalle mai tsabta, kaya kaɗan da aka jera bisa ƙasa da zamani, kowace ƙwaya da ƴar takardar bayaninta da Hausa da Faransanci, sikeli a fili inda kowa zai iya ɗora abin da yake so ya saya. Tsibin ƙarafa a faranti yana sa mutum ya ɗauka kayan bola ne, yawan ƙyalƙyali kuma yana sa ya yi zargin jabu.

A WhatsApp da Facebook, ƙwaya ɗaya ko biyu a rana tare da tarihinsu sun fi hotuna talatin a jere. Wata rana ma kada ka sayar da komai, ka yi bayanin dalilin da ya sa kobo yake da huda, ko yadda wuri ya taso daga tsibiran Maldib na tekun Indiya har ya zama asalin kalmar kuɗi a bakinmu, ko yadda Damagaram ta kasance babban birnin Nijar a zamanin mulkin mallaka har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai. Malaman makaranta da ɗalibai suna tura irin wannan ga junansu, kuma sunanka yana tafiya tare da shi. Kada ka jefa mutum cikin zauren talla ba da izininsa ba, kada ka aika saƙo bayan sallar isha'i, kuma wanda ya ce albarka sau ɗaya kada ka bi shi da kira. Hoton mai saye ko saƙon yabonsa ba a yaɗa su sai ya yarda, domin mai tara azurfa a gida yana da dalilin da zai so a rufa masa asiri. Kai ma kada ka nuna dukkan hajarka ko ƙofar gidanka a hoto.

Wurin ta'aziyya da harabar masallaci ba wuraren neman kaya ba ne, ko da ka san mamacin ya bar daloli. Takardar talla da za ta iya faɗuwa ƙasa a taka kada a rubuta mata aya. Abokin sana'a kuma kada ka kushe shi don ka ɗaga kanka. In mai saye ya nuna maka jabun da ya sayo a wani wuri, ka nuna masa alamomin da za su kare shi gaba, ka bar maganar suna. In an tambaye ka abin da ba ka da shi kuma ka san wanda ke da shi a Zango ko Sabon Gari, ka tura mutum can, in akwai la'ada a tsakaninku ka sanar da shi.

Mataki na bakwai: wanda ya zo ya sayar maka

Mutanen gari sun fi auna ɗan kasuwa da yadda yake saye fiye da yadda yake sayarwa. Inna ba ta sayar mini da dalolinta a ranar ba. Na rubuta mata nauyin kowace ɗaya da kuɗin ƙarfenta a takarda, na faɗa mata abin da zan iya biya da abin da nake sa ran samu a kai, na ce ta kai takardar wurin maƙeri ko wani ɗan kasuwa ta ji nasu tayin. Na kuma tambaye ta, "Inna, sauran magada sun san da wannan?" Ta ce akwai ƙanenta a Mirya. Na ce to a ji ta bakinsa tukuna. Bayan sati uku ta dawo tare da shi, suka sayar da biyu, suka riƙe ɗaya don jikarta, kuma daga gidajen maƙwabtanta na samu kayan da ban taɓa zaton suna cikin Birni ba.

Ka riƙe littafi da kake rubuta ranar saye, da siffar kaya, da nauyi, da wanda ya kawo. Yaron da ya zo da azurfa ba tare da babba ba, ko wanda ke gaggawar sallamawa a kan kowane tayi, ka dakata da shi, domin kayan sata in suka shiga hajarka sunanka ne zai biya. Abin da aka tono daga kufai ko tsohuwar maƙabarta kuwa hukuncinsa daban ne: doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kariya ga kayan tarihin ƙasa, don haka irin wannan a kai maganarsa ga hukumar kula da al'adu, kuma duk abin da za a fitar ƙetare a nemi bayanin ƙa'idarsa a wurinsu da wurin duwan, wato kwastan, kafin a ɗaure kaya.

Mataki na takwas: bayan an sallama

Kowane ciniki ya tafi da takardar shaida mai ɗauke da bayanin da ka yi a talla, da nauyi, da farashi, da wa'adin mayarwa. In kaya za su bi motar safa zuwa Maraɗi ko Yamai ko Agadas, ka naɗe kowace ƙwaya daban don kada su gogi juna, ka ɗauki hoton ƙunshin kafin rufewa da bayan rufewa, ka aika wa mai kaya, kada kuma a rubuta azurfa a bayan kwali.

Kuskure kuwa zai faru, domin masu yin jabu su ma suna ƙara ƙwarewa. Na taɓa sayar wa wani malamin makaranta faran biyar mai kan Napoliyon na Uku, bayan wata biyu na samu ƴar'uwarta daga hannu ɗaya, na auna kaurinta na ga ya wuce ƙa'ida, maƙeri ya tabbatar mini tagulla ce aka shafa wa ruwan azurfa. A daren na kira malamin na ce, "Malam, ina zargin abin da na sayar maka, don Allah ka kawo mu sake aunawa." Da ta tabbata jabu ce na mayar masa da kuɗinsa gaba ɗaya, na kuma rubuta gyara a wurin da na yi tallar tun farko, da hoton ƙwayar da lambar kaurinta, don wanda ya sayi irinta a wani wuri ya duba tasa. Jabun biyu ban mayar da su kasuwa ba. Suna cikin wani ƙaramin gwangwani a gefen sikeli, an rubuta "jabu, ba na sayarwa ba" a murfinsa, kuma duk sabon mai saye ina ba shi ɗaya a hannun hagu, ta gaske a hannun dama, ya ɗora su a sikeli da kansa, ya auna kaurinsu, sannan ya ƙwanƙwasa kowace a hankali ya saurari bambancin ƙararsu.